A banɗakin da bai wuce ƙafa 4 da 6 ba, ina za a rataya tawul?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon a ba mu fili mu yi magana a kan wani abu da masu gini ke ganin bai kai a tsaya a kansa ba, wato wurin rataya tawul da ajiye shi a ƙaramin banɗaki. Mu masu aikin famfo ne da saka tayil a Birnin Kebbi.

Gidajen hayar da ake ta ginawa yanzu a nan, da Argungu da Jega, kusan kowane ɗaki da banɗakinsa a ciki, kuma banɗakin bai cika wuce ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 6 a tsawo ba. A wannan ɗan wurin aka cusa masai da famfo da shawa, ga bokiti, ga buta. Mai gida zai zuba kuɗi a tayil mai sheƙi, amma ko ƙugiya ɗaya ba zai sa a kafa ba. Ɗan haya na shigowa sai ya ɗauko kusa 'yar inci 4 ya buga a tsakanin tayil. Tayil ya tsage, kusa ta yi tsatsa, tsatsar ta zauna a jikin tawul ta ƙi fita. Wani kuma a kan bututun shawa yake ɗora nasa, yau da gobe nauyi da fizga su sassauta mahaɗar da ke cikin bango, sai a ga fentin ɗakin da ke bayansa ya fara kumbura.

Magana ta farko ita ce, irin wannan banɗaki wurin ratayewa ne na lokacin wanka. Ba a kowane lokaci na shekara yake busar da tawul ba, kuma ba wurin ajiyar wankakke ba ne. Babu shamaki tsakanin wurin wanka da sauran ɗakin, saboda haka duk wanda ya watsa ruwa ya jiƙa ƙasa da rabin bango. Tagar kuwa 'yar ƙafa 2 ce, an lulluɓe ta da ragar sauro, wani lokacin ma cikin lungu take kallo. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan rufa wa wannan gini asiri, tawul ɗin da aka goge jiki da shi da asuba kafin azahar ya bushe ƙayau. Haka ma a zafin Maris zuwa Mayu. Amma daga Yuli zuwa Satumba, musamman cikin Agusta, iskar kanta a jiƙe take, balle a garuruwan bakin ruwa irin Yawuri ko unguwannin da ke gefen fadamar Rima. Tawul ɗin safe sai ya kai dare da danshi. Cikin wannan danshin ne ƙwayoyin cuta da fumfuna ke samun abinci, wato dauɗar jiki da matacciyar fata da ragowar sabulu, kuma su ne ke kawo warin nan mai tsami da ɗigo-ɗigon baƙi. Gwajin mai sauƙi ne: in tawul ɗin da aka yi wanka da shi da safe bai bushe ba zuwa magariba, wurin da aka rataya shi bai dace ba, a fitar da shi igiya a tsakar gida ko baranda.

To, ina ne wurin da ya fi dacewa a ciki? Ruwan shawa da na kofin wanka yana fallatsa har kusan ƙafa 3 daga inda mutum ya tsaya. A banɗaki mai ƙafa 4 da 6, in aka cire wannan, abin da ya rage shi ne bayan ƙofa da ɗan bangon da ke kusa da ita. Saman masai ba wuri ba ne. Duk lokacin da aka kora ruwa, feshin da ido ba ya gani yana tashi sama, na tsuguno kuwa ba shi da murfin da za a rufe. Ga kuma fallatsin tsarki da buta. Mutumin da zai goge jiki ya sa tufa ya tafi masallaci bai kamata tawul ɗinsa ya kwana a nan ba. Wanda ke da hali ya sa labulen roba tsakanin wurin wanka da ƙofa, a kan sanda mai tsayin santimita 190 zuwa 200 daga ƙasa. Shi kaɗai yana mayar da rabin banɗakin busasshen wuri.

Sai awo. Tawul ɗin wanka na yau da kullum santimita 70 ne a faɗi, 140 a tsawo. In aka ɗora shi a kan sanda, kowane gefe zai sauko santimita 70. Shi ya sa ake kafa sandar a tsayin ƙafa 4, wato santimita 120, don bakin tawul ya tsaya rabin mita sama da ƙasa, nesa da ruwan da ke fantsama. Sandunan kasuwa galibi inci 18 ne, da 24, da 30. Mai inci 30 ce ke ɗaukar tawul a baje ba tare da ninki ba. Mai inci 24 za ta ɗan tattare shi, ba laifi. Mai inci 18 ta ƙaramin tawul ɗin hannu ce, in aka sa mata babba dole a ninka shi biyu, ya zama ruɓi huɗu, na ciki ba zai ga iska ba. A bar tazarar yatsa uku zuwa huɗu, kimanin santimita 7, tsakanin sanda da bango. Sandar da ta manne da tayil gefe ɗaya kawai take busarwa.

Ƙugiya ta fi sanda cin ƙaramin wuri, amma ta fi ta jinkirin busarwa, domin tawul a dunƙule yake sauka. Akwai dabarar da ke gyara wannan. A kai wa tela ya ɗinka madaukai biyu a dogon gefen tawul, tazarar santimita 45 tsakaninsu, a kafa ƙugiyoyi biyu da wannan tazarar a tsayin santimita 170. Tawul zai rataya a buɗe, ruɓi ɗaya, ya riga na kan sanda bushewa, kuma ba ya zamewa ƙasa. Abin da muke yawan gani a kasuwa shi ne farantin nan mai ƙugiya biyar a jere cikin tsawon taƙi biyu. Wannan na soso ne da hular wanka. Tawul biyar a kansa suna manne da juna, mai danshi na jiƙa busasshe. Ƙugiyoyin mutane daban-daban su kasance da tazarar aƙalla santimita 25. Akwai kuma maratayi mai hannuwa uku ko huɗu da ke juyawa, wanda faɗin tafin hannu kawai yake ci a bango. Yana da amfani sosai a matsattsen wuri, sai dai duk nauyinsa a kan sukuru biyu yake, kusa da juna, don haka in bangon ba mai ƙwari ba ne, kada a fara.

Batun ƙarfe kuwa, araha ba ta ado. Yawancin sandunan da ke ƙyalli a shago baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin sheƙi. Damina ɗaya rufin ke fara ɓarewa daga wajen mahaɗa. A je kasuwa da ɗan maganaɗisu: in ya kama sandar gam, galibi baƙin ƙarfe ne. In bai kama ba, yana iya zama alminiyam ko sitenles, amma sitenles ɗin ma kala-kala ne. Mai lamba 304 yana da sinadarin nikel kusan kashi 8 cikin 100, shi ne ke jure danshi. Mai lamba 201 nikel ɗinsa kaɗan ne, yana yin tabon tsatsa, musamman in ana wanke banɗaki da Hypo ko Jik yana fallatsa masa. Maganaɗisu ba ya raba waɗannan biyun, sai lambar da aka buga a jiki da amanar mai shago. Wanda kuɗinsa bai kai ba, bututun ruwa na roba mai kaurin inci uku bisa huɗu, da gwiwar bututu biyu, ya ishe shi, kuma ba ya tsatsa har abada. In tsawonsa ya wuce ƙafa 2 zai lanƙwashe a tsakiya, sai a zura masa rodi mai milimita 10 a ciki, a toshe bakunan da gam don kada ruwa ya shiga. Katakon da ba a shafa wa banish ba yana baƙi yana ɓata tawul, allon garin katako kuwa yana kumbura ya farfashe.

A wajen huda bango ne aka fi yin ɓarna, don haka a yi mana haƙuri mu tsaya a nan.

Kafin a ɗauko injin huda, a san abin da ke cikin bangon. Bututun ruwa yana tafiya a miƙe sama ko ƙasa daga kowane famfo, da kuma a kwance tsakanin famfo da famfo. Wayar wuta ma haka take bi daga makunni zuwa sama, ko zuwa hita. Kada a huda a kan waɗannan layuka, a kauce musu da aƙalla taƙi guda. Bayan haka a ƙwanƙwasa tayil ɗin da bayan sukurudireba. In ya yi ƙara mai zurfi, cike yake da siminti a baya. In ya yi ƙarar wofi, mai aikin ya ɗiga siminti ne a kusurwoyi ya bar tsakiya, kuma irin wannan tayil da an matsa masa zai fashe. A nemi wani. Ramin ya kasance aƙalla santimita 3 daga bakin tayil. Wasu na huda layin farin siminti da ke tsakanin tayil biyu don gudun wahala, amma layin bai kai faɗin bakin huda, wato ƙarfen da ake sa wa injin, ba, sai ya ɓantare gefen duka biyun.

A manna salatef na takarda a wurin, a yi alama da fensir a kansa, a daidaita alamomin biyu da ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa. Salatef ɗin ne ke hana baki zamewa a kan sheƙin tayil. A kashe bugun injin, a bar shi yana juyawa kawai, a hankali, da bakin huda tayil mai kan mashi. Tayil ɗin nan mai tauri da ake kira fosilin ba ya jin wannan baki, sai mai lu'ulu'u, ana yi ana ɗiga ruwa don kada ya ƙone. Sai an ji baki ya ratsa tayil sannan a canza zuwa bakin huda siminti. A kan bulo ma ba dole sai an kunna bugu ba, domin bulo mai inci 6 ko 9 rami ne a cikinsa, ɓawonsa bai cika wuce kaurin yatsa biyu ba, bugu mai ƙarfi yana ɓalle bayan ɓawon ya bar wa fisha, wato robar da ake cusawa a rami don sukuru ya kama, ɗan abin kamawa kaɗan.

Ƙananan fisha da sukurun da ke zuwa cikin kwalin sanda, a ajiye su gefe. Gajeru ne. A lissafa abin da za su ratsa: tayil kusan santimita 1, simintin da ya riƙe shi 1 zuwa 2, filasta wani 1 da rabi, kafin a kai ga bulo. Fisha mai santimita 3 a cikin filasta take ƙarewa. Abin da ya dace shi ne baki mai milimita 8, fisha mai milimita 8 da tsawon santimita 6, da sukuru mai kaurin milimita 5 wanda ya ɗan fi fishar tsawo, na sitenles ko mai rufin da ba ya tsatsa. A hure ƙurar ramin, a matsa silikon kaɗan a ciki don ruwa kada ya bi ta nan ya shiga bayan tayil, sannan a tura fishar har bakinta ya wuce kaurin tayil ya shige ciki. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Fisha buɗewa take yi in sukuru ya shiga, in kuwa ta buɗe a cikin tayil, za a ji ƙas, tsaga ta tafi har kusurwa. A ɗaure da hannu, ba da inji ba, a tsaya da zarar ya kama. A ƙarƙashin kowace ƙafar sanda akwai wani ɗan mitsitsin sukuru da ake ɗaurewa da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida. Shi ne ke sassautawa bayan 'yan watanni har sanda ta fara rawa, mutane su ɗauka bango ne ya saki. A adana alankin.

Wani bangon kuma ba ya riƙo ko an bi duk wannan, saboda an cika wa bulon yashi, buhun siminti ɗaya an fitar da bulon da ya wuce kima. Alamar ita ce baki ya faɗa ciki ba tare da turjiya ba, yashi na zubowa, rami ya fi fisha faɗi. Cusa tsinken ashana ko guntun leda ba ya kai sati. In babu tayil a wurin, a faɗaɗa ramin, a jiƙa shi, a cika da kwaɓin siminti awo 1 da yashi awo 3, a riƙa yayyafa masa ruwa kwana 3, a bar shi ya cika mako kafin a sake hudawa. In akwai tayil, gam mai haɗi biyu a cikin ramin kafin a sa fisha yana taimakawa. Ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti, irin na tsofaffin unguwanni da ƙauyuka, ba a sa masa fisha sam. A kai wa mai walda ya yi maratayi mai dogayen ƙafafu masu baki a tsage, a haƙa a dasa su da siminti, ko ya yi mai tsayawa da ƙafarsa wanda za a iya ɗauka a fitar rana.

Bayan ƙofa ya danganta da irin ƙofar. Ta ƙarfe, mai walda ya ɗana sanda ko a kama ta da ribiti. Ta katako mai rami a ciki, sukuru ba ya kamawa sai a gefuna inda katakon gaske yake. Ta roba ba ta ɗaukar komai sai maratayin nan da ake saƙalawa ta saman ƙofa, shi ma sai in akwai tazarar milimita 3 tsakanin ƙofa da firam, in ba haka ba ƙofa ba za ta rufu ba. Ƙugiya mai gam a baya ta ɗan haya ce da aka hana huda bango. Tana kama tayil mai santsi in an goge shi da sifirit, an danna, an bar ta awa 24 kafin a rataya komai. A kan fenti ko tayil mai gurza-gurza ba ta daɗewa, zafin Afrilu kuma yana narkar da gam ɗin.

Tawul busasshe nauyinsa kimanin rabin kilo ne kawai. Abin da ke tumɓuke sanda daga bango shi ne mutum, yaro mai lilo ko dattijon da santsi ya kwashe ya kai hannu. Sandar tawul ba a yi ta don ɗaukar mutum ba. Gidan da ke da tsoho, ko mai juna biyu, ko mai ciwon gwiwa, a kafa masa sandar riƙo daban, mai kaurin santimita 3 zuwa 4, a tsayin santimita 85 zuwa 90, da manyan noti masu kama bango.

Kowa da tawul ɗinsa, kuma a bambanta su da launi, domin makero da ƙazwa da ciwon idon da ake kira afolo duk suna bin tawul daga wannan zuwa wancan. Cutar tirakoma ma, wadda ke juyar da gashin ido ciki har ta makantar, wadda aka daɗe ana yaƙi da ita a Kebbi da Zamfara da Sakkwato, tana yaɗuwa ta mayafi da tawul ɗin goge fuska. Gida mai yara shida ba zai iya rataya tawul shida a wannan banɗakin ba, kada ma a gwada. Ƙugiya biyu a ciki don mai wanka, sauran a jere a baranda ko a bangon da ke wajen ƙofa.

Wankakken tawul kuwa ɗaki ne wurinsa, cikin durowa ko akwati. In dole sai a banɗaki, to kanta ɗaya a saman ƙofa ko a tsayin santimita 180, mai zurfin santimita 30, a sa tawul biyu ko uku cikin robar da ke da murfi, don tururi da kyankyaso. A ninka shi uku ta tsawo sannan a naɗe, ya fi shiga ƙaramin wuri. Kada ya kusanci ƙwan lantarki ko hita. Kada a rufe shi sai ya bushe sarai, a taɓa bakin ɗinkin, nan ne ke riƙe danshi na ƙarshe. Lokacin wankan jego, da ake shiga da tafasasshen ruwa safe da yamma, a kwashe komai daga banɗakin har a gama. Kafur ɗin da ake jefawa cikin kaya don ƙwari kada ya kusanci tawul ɗin jariri. Likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi cewa yana farfasa jinin jariran da aka haifa da wani rauni na gado a jini, ya jawo musu ciwon shawara mai tsanani. Iyayenmu mata kuma su yi mana afuwa, turaren wuta a kan tawul mai danshi ba ya kashe warin, haɗuwa suke yi. A wanke, a shanya, sannan a ɗora a kabbasa.

A wanke tawul bayan amfani uku ko huɗu, da damina ma kafin haka. Omo kaɗan, ɗauraya da yawa, domin ragowar kumfa ce ke sa shi tauri da wari, balle inda ruwan rijiya ko na burtsatse ke da gishiri-gishiri. Ruwan laushin kaya yana lulluɓe zaren auduga ya hana shi shan ruwa. Wanda ya riga ya yi wari, a jiƙa shi a ruwan zafi da rabin kofin farin khal, wato binega, na rabin awa, a wanke, a kai rana. Kada a haɗa khal da Hypo ko Jik, haɗin yana fitar da iska mai guba, a ƙaramin banɗaki kuwa tana iya sumar da mutum. A shanya a igiya, ba a ƙasa ko kan yashi ba, saboda akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kan kaya masu danshi, tsutsarsa ta shiga fata ta zama kamar maruru. Guga mai zafi yana kashe ƙwan.

Ga masu gini da 'yan kwangila, duk wannan wahalar ana kauce mata kafin a saka tayil. A sa magini ya cika ramukan bulo da kankare a layin da ya yi daidai da santimita 120 da 170 a bangon da ke kusa da ƙofa, da 90 kusa da masai. A ɗauki hoton bangon da waya bayan an shimfiɗa bututu da wayar wuta, kafin filasta, a ajiye wa duk wanda zai huda daga baya. A ba ƙasa gangaren santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa magudana don kada ruwa ya kwanta. A bar tazarar santimita 2 a ƙarƙashin ƙofa, iska ta shiga ta nan ta fita ta taga, tagar kuma ta kasance can sama, mai buɗuwa, tana kallon fili. A ajiye tayil biyar ko shida daga cikin wanda aka saka, domin in ɗaya ya fashe bayan shekara biyu, da wuya a sake samun irinsa a kasuwa.

Mun gode da ba mu wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu aikin famfo da tayil,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.